Fatsa a yankin Gaya da Ajingi

Fatsa hanya ce ta kamun kifi da ƙugiya da zare, wadda ake saƙala wa koto a jefa cikin ruwa. Tana daga cikin hanyoyin su da ake amfani da su a gabashin jihar Kano, inda al'ummomin Gaya da Ajingi ke kamun kifi a kogin Hadejia da tafkuna da fadamun da ke cika lokacin damina.

Ma'anar kalma

A Hausa, kalmar fatsa tana nufin ƙugiyar kanta, tana kuma nufin aikin kamun kifi da ita. Su shi ne kamun kifi gaba ɗaya, musamman na taro, kuma daga nan aka samu kalmar masunci, jam'i masunta. Shugaban masunta shi ne Sarkin Ruwa, wanda bisa al'ada yake sasanta rigima, yake kuma faɗin lokacin da za a buɗe tafki ko a rufe shi.

Ruwan yankin

Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa a kudu da birnin Kano. Daga nan ruwan yake bi ta Wudil, ya ratsa gabashin jihar, ya shiga jihar Jigawa ta Ringim zuwa Hadejia. Can gaba yana haɗuwa da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda yake ƙarewa a tafkin Chadi. Kogi ne na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi, ruwansa da ɗumi, kuma yana yin jajir da laka idan damina ta kankama.

Kifaye da kayan aiki

Kifayen da aka fi sani sun haɗa da tarwaɗa (Clarias gariepinus), da karfasa, da ƙurungu, da kawara, da gaiwa. Mai fatsa yakan zaɓi koto gwargwadon kifin da yake nema: tana ko hanjin kaza don tarwaɗa, fara da gara don kifayen da ke cin abinci a saman ruwa. Tarwaɗa ta fi cin koto da dare, shi ya sa wasu ke kafa ƙugiyoyi da yamma su dawo da asuba.

Fatsa ba ta kamo kifi da yawa kamar birgi ko kalli ko mari-mari. Amfaninta shi ne arha, kuma ba ta kwashe ƙananan kifaye yadda koma mai ƙananan idanu take yi. Da ita yara da yawa ke fara koyon sanin ruwa: inda gurbi yake, inda ruwa ke juyawa, da inda kifi ke fakewa a gindin ciyawa.

Kwatanci da fatsar ƙwaro

A ƙasashe masu sanyi kamar Sikotilan da Niyuzilan da yammacin Amurka, akwai wata fatsa ta nishaɗi da ake yi da ƙwaron ƙarya, wanda ake ɗaurawa a ƙugiya da gashin tsuntsu da zare. Ƙwaron ba shi da nauyi, don haka nauyin zaren ne ke kai shi nesa. Kifin da aka fi nema shi ne tirawut, kuma baƙi sukan biya ɗan jagora ya nuna musu wuraren kamu, sau da yawa su sake kifin bayan sun kama. Tirawut yana buƙatar ruwan tsauni mai sanyi da yalwar iska, saboda haka ba ya rayuwa a kogunan Kano. A Afirka an kai shi tsaunukan Kenya a shekarar 1905, kuma ana samun sa a Lesotho. Abin da ya haɗa hanyoyin biyu shi ne sanin abin da kifi ke ci a kowane lokaci.

Matsaloli

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya tafiyar kogin. Ambaliyar shekara-shekara da ke kai kifi fadamu ya hayayyafa ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya taimaka wa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, musamman a ƙasar Hadejia. Hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da waɗannan madatsu.

Akwai kuma masu zuba guba ko maganin ƙwari a ruwa, abin da ke kashe manya da ƙananan kifi tare, ya kuma cutar da masu ci. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa.