Kati da Faifai: Tarihin Jiran da Masu Wasan Kwamfuta Suka Sha

A shekarar 1983, lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa samfurin XT, faifan ajiyar da ke cikinta megabait 10 kacal yake ɗauka, kuma bai iya magana da kwamfutar kai tsaye. Sai an soka wani kati na musamman a ɗaya daga cikin ramukan babban allo, shi ne yake yin tafinta tsakanin faifan da sauran na'urar. Wato tun farko kati ba kayan ƙawa ba ne, dole ne. A 1985 kamfanin Plus Development, wani reshe na Quantum, ya haɗa faifan da katin wuri guda ya kira shi Hardcard, wanda mutum zai soka a rami ya ci gaba da aikinsa. Shekara guda bayan haka, Western Digital da Compaq suka ɗauki wata hanya dabam: suka mayar da tafintan jikin faifan kansa, tsarin da aka sani da IDE. Sannu a hankali mahaɗar faifai ta koma kan babban allo, aka daina neman kati.

Katin ya dawo a ƙarshen shekarun 1990, a hannun kamfanoni irin su Promise da HighPoint. Dalilan dawowarsa masu ƙarfi ne. Wani yana so ya ƙara faifai amma mahaɗun allonsa sun cika. Wani kuma ya sayi babban faifai sai ya tarar tsohon allonsa ba ya gane abin da ya wuce gigabait 137. Kati ya warware waɗannan matsaloli. Sai dai a tsakanin masu wasa wani zato ya yaɗu, cewa katin yana ƙara wa faifai sauri, ko kuma akasin haka, cewa yana daƙile shi. Duka zatukan biyu sun ɗora wa kati nauyin da ba nasa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ramin PCI na wancan zamani yana ɗaukar megabait 133 a daƙiƙa, kuma mafi yawan faifan lokacin bai kai rabin wannan ba. Gaskiya ne katin sauti da na intanet suna raba wannan hanya da katin faifai, don haka cunkoso yakan faru, amma ba a nan jinkirin wasa yake ba. Yana cikin faifan ne. Faifai mai juyi 7,200 a minti yakan kammala zagaye ɗaya cikin kashi 8.3 bisa dubu na daƙiƙa. Kafin ya karanto komai, sai allurarsa ta tafi layin da bayanin yake, sannan ta jira faifan ya juyo da shi ƙarƙashinta. Idan aka haɗa tafiyar da jiran, ana maganar kimanin kashi 12 zuwa 13 bisa dubu na daƙiƙa a kowane nema, wato nema tamanin ko kusa da haka a daƙiƙa guda. Wasa kuwa ba fim ba ne da ake karantawa a jere. Dubban ƙananan abubuwa yake kira, hoton bango, ƙarar bindiga, fuskar ɗan wasa, kowanne a nasa lungun. Faɗaɗa titi ba ya ƙara wa jaki gudu.

An gwada wannan da kuɗi masu yawa. A 2003 Western Digital ta fito da Raptor mai juyi 10,000 a minti, masu hali suka riƙa sayen guda biyu suna haɗa su ta tsarin RAID 0, inda ake raba bayani gida biyu a karanta lokaci ɗaya. A ma'aunin kwafar manyan fayiloli sakamakon yana burgewa. Amma da shafin AnandTech ya gwada tsarin a 2004, ya tarar bambancin lokacin buɗe wasa bai taka kara ya karya ba, ga kuma haɗarin cewa idan faifai ɗaya ya mutu, bayanin duka biyun ya tafi. Santsin motsin hoto kuma, wanda shi ne ainihin abin da ɗan wasa yake nema, aikin katin hoto ne da ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Zuwan PCI Express a 2004 ya kawar da rabon hanya: kowane layi guda yana ɗaukar megabait 250 a daƙiƙa, zubi na biyu ya ninka zuwa 500. Faifai mai juyi na yau da kullum, wanda gudunsa yake kusa da 200, ba ya jin ƙunci a kan irin wannan kati. Ƙuncin ya bayyana ne da aka fara jona SSD, mai iya kai 550, a kan kati mai layi ɗaya. A nan ne kawai tsohon zargin ya zama gaskiya.

Masu ƙera wasanni sun daɗe da gane inda gizo yake saƙa, shi ya sa suka riƙa ɓoye jiran maimakon kawar da shi. Doguwar tafiyar lif a wasan Mass Effect na 2007 dabara ce ta ba faifai lokaci ya ɗauko wuri na gaba. A 2020 Mark Cerny, jagoran ƙera PlayStation 5, ya bayyana cewa a wasan Spider-Man akwai bayanan da aka maimaita har sau 400 a kan faifai, don kawai a rage wa allura zirga-zirga.

Maganin da ya yi aiki shi ne cire allurar gaba ɗaya. Ƙa'idar NVMe ta 2011 ta ba ma'ajiyar da ba ta juyi damar hawa layukan PCI Express kai tsaye, aka koma ga tunanin Hardcard: ajiya da tafinta a kan kati guda. Xbox Series X da ta fito a Nuwamban 2020 tana karanta gigabait 2.4 a daƙiƙa, kuma sababbin wasanninta ba sa tashi daga faifai mai juyi da aka jona ta USB, ajiye su kawai ake yi a can. A lokacin fitowarta a 2020, mai neman ƙarin wurin da zai yi wasa daga gare shi sai dai ya sayi ƙaramin kati mai terabait ɗaya, wanda Seagate ta ƙera, kamfanin da faifansa mai megabait 10 yake cikin XT shekara 37 kafin nan.