Tarihin Zauren Taurari: Yadda Aka Shigo da Sama Cikin Ɗaki

Zauren taurari gini ne mai rufin ƙubba, inda ake kashe fitilu a haska hoton sararin samaniya a jikin rufin, domin a koya wa jama'a ilimin falaki. Masu kallo suna kishingiɗe a kujeru, mai bayani yana nuna musu taurari da kibiyar haske. Tafiyar da rana da wata kan yi cikin shekara guda, a nan ana ganinta cikin mintuna kaɗan.

Kafin a iya sarrafa haske, da katako da ƙarfe ake kwaikwayon sama. Wajen 1664 aka kammala wata babbar ƙwallo a fadar Gottorf da ke arewacin Jamus ta yau. Faɗinta kusan mita 3 ne, an zana taurari a cikinta, mutane kan shiga su zauna ana juya ta a kansu. Daga baya aka ba sarkin Rasha Bitrus Babba ita kyauta.

Misalin da ya fi ban mamaki yana garin Franeker na ƙasar Holan. A 1774 wani mai wa'azi ya yaɗa cewa haɗuwar wasu duniyoyi a sama za ta jawo tashin duniya, hankalin mutane ya tashi. Sai wani mai sana'ar gyaran ulu, Eise Eisinga, ya ƙudurta nuna musu yadda abin yake. Ya rataye rana da duniyoyi shida a rufin falon gidansa, ya ɓoye agogo da ƙafafun katako masu haƙoran ƙusa a saman rufin domin su riƙa juya su. Kowace duniya tana tafiya daidai da lokacinta na gaskiya, har duniyar Satan sai ta shekara 29 da ɗoriya kafin ta zagayo. Ya gama aikin a 1781, shekarar da aka gano duniyar Yuranus, wadda ba ta sami wuri a rufin ba. Na'urar tana aiki har yau, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 2023.

Zauren zamani a Jamus aka haife shi. A 1913 Oskar von Miller, wanda ya kafa babban gidan tarihin kimiyya na birnin Munik, ya nemi kamfanin Zeiss da ke Jena ya ƙera masa abin da zai nuna wa jama'a sama. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin. Bayan yaƙin, injiniya Walther Bauersfeld da abokan aikinsa suka bi wata dabara dabam: maimakon a juya rufi mai nauyi, a bar shi a tsaye, a sa na'urar haske a tsakiyar ɗaki ita ta riƙa juyawa. An gwada ta a 1923, tana nuna taurari kusan 4,500, sannan aka buɗe wa jama'a a Munik ranar 7 ga Mayu 1925. Zauren Jena, wanda aka buɗe a 1926, shi ne mafi daɗewa cikin zaurukan zamani da ke aiki har yanzu.

Nan da nan manyan birane suka shiga rububi. Mosko ta buɗe nata a 1929, Chikago ta buɗe na farko a Amurka a 1930, Osaka ta Japan ta bi baya a 1937. Sai dai na'urar Zeiss tsada gare ta, ba ta kai ga ƙananan garuruwa ba. A 1947 Armand Spitz ya fito da wata mai sauƙin kuɗi a Amurka, wadda haske ke fita ta ƙananan hudoji a jikinta. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, Amurka ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya, makarantu da yawa suka gina nasu zaurukan. A zauren Morehead da ke Karolina ta Arewa ma aka koya wa 'yan sama jannati gane hanya da taurari, ko da na'urorin kumbonsu za su lalace.

A 1983 kwamfuta ta shigo da tsarin Digistar. Daga nan mai kallo ya daina zama a ƙasa yana duban sama kawai, ana iya ɗaukarsa a kai shi duniyar Mas ko a fitar da shi bayan rukunin taurarinmu. Akwai kuma ƙubba ta roba da ake hura wa iska, a naɗe ta a kai makarantun karkara.

A Afirka, Johanasbag ta buɗe zaurenta a 1960 da na'urar da aka sayo daga Hambug, Akara ta ƙasar Gana kuma ta buɗe nata a 2009. Yau da hasken lantarki ya dusashe taurari a manyan birane, zauren taurari ne wurin da yara da yawa ke fara ganin sama kamar yadda take a dare marar wata.