Mandolin da Garaya: Ma'aikaci da Kiɗan Sha'awa a Turai da Kano

Mandolin wani ɗan abin kiɗa ne na Italiya, mai tsirkiya takwas da aka jera bibbiyu. A ƙira ɗan'uwan garaya ne da gurmi da molo, watau duka ana kaɗa tsirkiyarsu ne, ba a goga ta kamar ta goge. Amma tarihinsu ya sha bamban, kuma bambancin yana bayyana wani abu game da zaman ma'aikatan Kano.

A shekarar 1878 wata ƙungiyar makaɗa daga Sifen ta yi suna a babban bajekolin birnin Faris, daga nan ta isa Niyok a farkon 1880. Abin da suke kaɗawa ba mandolin ba ne sosai, wani danginsa ne. Sai Italiyawa mazauna Amurka suka kwaikwaye su da nasu mandolin ɗin, abin ya bazu. Dalilin bazuwarsa a fili yake: yana da araha, ana iya koyonsa cikin 'yan watanni, kuma kuskuren mutum ɗaya yakan ɓace cikin mutum talatin. Kamfanin Gibson, wanda aka kafa a 1902, ya riƙa ƙera manya da ƙanana don a sami murya kala-kala a taro guda. A Japan ɗaliban Jami'ar Keio suka kafa ƙungiyarsu a 1910. A Jamus kuwa ma'aikatan masana'antu ne suka rungumi abin, har suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikata masu kaɗa mandolin a 1923, wadda gwamnatin Hitila ta rushe a 1933. Lalle gwamnatin ba tsirkiya take tsoro ba. Taron ma'aikata na mako-mako, da shugabanni da asusu, shi ne abin tsoron.

To, Kano ma ta tara ma'aikata. An fara da Bompai tun kafin samun mulkin kai, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a zamanin kuɗin man fetur. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alewa suka jawo dubban mutane, har ƙauyuka irin su Zawaciki da Panshekara suka zama masaukin masu zuwa aiki a keke. Waɗannan mutane sun san haɗa kai, domin sun yi yajin aiki a 1971 kan ƙarin albashin Adebo. Duk da haka, al'adar ma'aikata su taru bayan an tashi su kaɗa garaya ashirin don jin daɗin kansu ba ta yi saiwa ba.

Ba rashin kayan kiɗa ne ya hana ba. Ɗanmaraya Jos (1946 zuwa 2015) ya yi duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, irin wanda akan haɗa da gwangwanin kifi. Abin da ya hana shi ne matsayin kiɗa a wurin Bahaushe. Kiɗa sana'a ce, kamar ƙira da jima da fawa, kuma galibi gadonta ake yi. Wanda ya shigo ba da gado ba sai a ce ɗan haye ne. Har ila yau kowane kiɗa da masu shi. Garaya ta mafarauta ce da 'yan bori, kalangu na mahauta, taushi da kotso na fada. Makaɗi yana roƙo, ana ba shi, kuma a tsarin daraja mai bayarwa yana sama da mai karɓa. Wannan shi ne gindin maganar. Ma'aikacin Jamus da ya ɗauki mandolin yana ganin ya hau matakin masu ilmi. Ma'aikacin Sharaɗa da zai ɗauki gurmi a bainar jama'a, ganin mutane shi ne ya sauka, wataƙila ma surukansa su ji labari. Albashi ya ba shi abin da ya fi so, watau ya zama wanda ake yi wa kiɗa, ya yi kari a ambaci sunansa. Da kuɗin Udoji suka zo a 1975, rediyo da rikoda aka saya, aka saurari Shata da Haruna Uji a majalisa.

Akwai kuma wata mas'ala ta sana'ar kanta. Makaɗan mandolin suna da takardar waƙa a gabansu, kowa da muryar da zai bi, saboda haka baƙo ma yana iya zama ya shiga. Kiɗan garaya ko gurmi kuwa yana bin bakin mawaƙi ne, yana juyawa inda ya juya. Ubangida ɗaya, sauran 'yan amshi.

Amma kuskure ne a ce Bahaushe bai san kiɗan sha'awa ba. Yana nan, sai dai a inda roƙo bai shiga ba, ko inda idon maza bai kai ba. Mata a cikin gida sun daɗe suna kife ƙwarya a ruwa ran biki ko suna, kowa ta taɓa, ba wadda za a kira marokiya. 'Yan mata suna gaɗa a dandali. Mafi kusa da ƙungiyoyin Turai kuwa su ne 'yan bandiri na ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda Shaihu Nasiru Kabara ya ɗaukaka a Kano. Nan za a ga tela da ɗan kasuwa da ma'aikaci sun jeru da bandirai manya da ƙanana, suna da ranar haɗuwa, suna da shugaba, kuma ba wanda ya rage musu daraja, domin yabon Annabi suke yi.

Abin mamaki, ta wannan ƙofa mandolin ya ɗan leƙo. Tun shekarun 1950 gidajen siliman Kano suka fara nuna finafinan Indiya, kuma mandolin yana cikin kayan da ake kaɗa waƙoƙinsu da su. Mutane sun sha jin sautinsa ba tare da sun san sunansa ba. Daga baya wasu matasa 'yan bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, suka ɗauki karin waɗannan waƙoƙi suka ɗora musu baitocin bege da Hausa.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da shigowar kayan waje, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe. Samarin da suka so kiɗa a shekarun 1990 sai suka tarar da fiyano ta Yamaha a ɗakunan ɗaukar waƙoƙin fim, wadda mutum ɗaya yake fitar da sautin makaɗa goma da ita, har da na mandolin.