Yaya Ake Gwada Gini Kafin Girgizar Ƙasa?

Wani mai sauraronmu daga Argungu yana tambaya: shin yaya masana ke sanin gini zai jure girgizar ƙasa alhali ba ta zo ba?

To Malam, dabarar daga Japan ta samo asali, inda ƙasa ke yawan girgiza. Gini dai ba ya ɗaukuwa dungurungum zuwa ɗakin gwaji. Saboda haka a 1969 masana suka fara gwada sashe guda kawai, na'ura mai kama da jak tana tura shi, sauran kuma a lissafa. A 1975 Takanashi na Jami'ar Tokyo ya kyautata aikin da kwamfuta, amma a hankali ake turawa. Sai a 1992 Nakashima ya yi gwajin da saurin girgizar gaske.

Wuyar aikin ita ce jinkiri. In jak ya makara ko da ƙiftawar ido ne, lissafi ya ɓaci, kamar awo da lotsattsen mudu. Shi ya sa kwamfuta ke hasashen motsin tun kafin ya zo.

Mu ma da ruwanmu, don ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.