Mazaɓar 60B: Kujerar da Ta Sauya Hannu Bayan Shekara 44

A tsakiyar birnin Minneapolis na jihar Minnesota a Amurka, kogin Mississippi ya ratsa wata ƙaramar mazaɓar majalisar dokokin jiha da ake kira 60B. A gaɓar gabas akwai babbar harabar Jami'ar Minnesota da unguwannin da ɗalibai da malamansu ke haya, irin su Marcy-Holmes da Como da Prospect Park. A gaɓar yamma kuwa unguwar Cedar-Riverside ce, inda dogayen benayen Riverside Plaza, waɗanda aka kammala a 1973, suka cika da iyalan da suka baro Somaliya da Habasha. Mutanen mazaɓar ba su wuce dubu 42 da 'yan kai ba, amma daga nan ne 'yar asalin Somaliya ta farko ta shiga wata majalisar dokoki a duk faɗin Amurka.

Majalisar wakilan Minnesota tana da kujeru 134. An raba jihar zuwa mazaɓun sanatoci 67, kowace kuma aka tsaga ta biyu, A da B, kowane tsagi da wakilinsa na shekara biyu. Bayan kowace ƙidayar jama'a ta shekara goma-goma ana sake shata iyakoki, lambobi su canza. Yankin da ake kira 60B yau ya samu wannan lamba ne a shatar 2012. Kafin nan 59B ne.

Abin da bai canza ba shi ne jam'iyya. DFL, wadda aka kafa a 1944 lokacin da 'yan Dimokuradiyya na jihar suka haɗe da jam'iyyar manoma da ma'aikata, ta riƙe wannan kujera fiye da rabin ƙarni. Ɗan takarar Republican kan tsaya ne don kada a ce ba a tsaya ba. Saboda haka zaɓen Nuwamba a nan kusan cika sharaɗi ne. Ana yanke hukunci tun a tarurrukan unguwa da jam'iyya ke kira a lokacin sanyi, da babban taron amincewa da ɗan takara, da kuma zaɓen fid da gwani na watan Agusta, wanda 'yan dubbai kaɗan ke fitowa.

Labarin ya fara ne a 1972. Shekara guda kafin nan Amurka ta sauke shekarun kaɗa ƙuri'a zuwa 18, ga yaƙin Biyetnam ya tunzura ɗalibai, ga fafutukar 'yancin mata tana tashe. A wannan yanayi wata masaniyar kimiyya mai bincike a jami'ar, Phyllis Kahn, haifaffiyar Brooklyn a 1937 mai digirin digirgir daga Jami'ar Yale, ta fito takara ta ci. A zaɓen ne DFL ta karɓe majalisun jihar biyu a karon farko, yawan mata kuma ya kai shida a majalisar wakilai wadda kafin nan mace ɗaya tak ke cikinta.

Kahn ba ta ɗauki lokaci ba ta nuna abin da ta zo yi. A 1975 ta jagoranci dokar tsabtar iska a cikin gine-gine, wadda ta tilasta ware wurin masu shan taba a wuraren taruwar jama'a. Minnesota ce jihar farko a Amurka da ta yi irin wannan doka, a zamanin da ake busa sigari a ofis da gidan abinci ba mai cewa uffan. Sai a 2007 jihar ta haramta shan taba a irin waɗannan wurare baki ɗaya, a kan tubalin da Kahn ta aza. Ta kuma yi tsayin daka wajen ba 'yan mata dama daidai da ta maza a wasannin makaranta. Mace ce mai kaifin baki da ba ta tsoron a yi mata dariya: har ta taɓa kawo shawarar a bar yara 'yan shekara 12 su yi zaɓe. Sau 22 a jere mutanen yankin suka tura ta majalisa.

Sai dai yayin da take St. Paul, babban birnin jihar, unguwar yamma da kogi tana ta sauya kama. Cedar-Riverside dama masaukin baƙi ce tun ƙarni na 19, lokacin da 'yan Suwidin da Norwe suka cika ta suna aiki a injinan niƙa alkama na bakin kogi. Bayan rushewar gwamnatin Siyad Barre a 1991, 'yan gudun hijirar Somaliya suka fara isowa, ayyukan masana'antun sarrafa nama da taimakon ƙungiyoyin coci suka janyo su, na gaba ya kira na baya. Cikin shekara ashirin Minnesota ta zama jihar da ta fi kowace yawan Somalawa. Suka buɗe shaguna da masallatai, suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa, sannan suka waiwayi akwatin zaɓe. A 2013 Abdi Warsame ya ci kujerar majalisar birnin Minneapolis daga wannan yanki.

A 2014 ne aka fara girgiza kujerar Kahn da gaske. Mohamud Noor, masanin kwamfuta da ke shugabantar wata ƙungiyar al'ummar Somalawa a jihar, ya fito ya ƙalubalance ta. A watan Fabrairu, taron unguwa da aka kira a cibiyar Brian Coyle ya rikiɗe zuwa dambe har 'yan sanda suka watse shi. Cikin waɗanda suka ji rauni a daren akwai wata matashiyar jami'ar jam'iyya mai suna Ilhan Omar, wadda aka buga a kai sai da ta je asibiti. Abin lura shi ne Somalawa ne a ɓangarorin biyu na rigimar, domin Warsame yana bayan Kahn. Masu kallon al'ummar daga nesa kan ɗauka murya ɗaya take da ita, alhali tana da nata manya da matasa, da dangogi, da tsofaffin alƙawura. A watan Agusta Kahn ta tsira da kusan kashi 54 cikin ɗari.

Shekara biyu bayan haka Omar da kanta ta shigo fili. An haife ta a Mogadishu a 1982, ta yi shekara huɗu a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ta iso Amurka a 1995. Ta yi aiki a ofishin wani ɗan majalisar birni, ta san lungunan jam'iyya ciki da bai. Lissafin da kowa ya yi a lokacin mai sauƙi ne: Noor ma ya sake fitowa, Somalawa biyu za su raba ƙuri'un yamma da kogi, tsohuwar 'yar majalisa ta wuce ta tsakiya. A babban taron jam'iyya na watan Afrilu Omar ce ke gaba, amma ba ta kai kashi 60 cikin ɗari da ake buƙata ba, aka tashi ba a tsayar da kowa ba.

Lissafin ya rushe ne saboda Omar ta tsallaka kogi. Ta bi ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya ƙofa-ƙofa, tana magana kan tsadar kuɗin makaranta da bashin karatu da mafi ƙarancin albashi. Watan Agusta lokacin hutu ne, ɗalibai da dama ba sa gari, don haka magoya bayanta suka dage kan kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe, abin da dokar jihar ta sauƙaƙa tun 2014. Ranar 9 ga Agustan 2016 aka ƙirga: Omar kusan kashi 41, Noor da Kahn kowanne bai kai kashi 30 ba, Kahn ce ma ta zo ta uku da ɗan ƙaramin rata. Duka ƙuri'un ba su kai dubu shida ba. Da wannan aka rufe shekara 44 na ɗaya daga cikin 'yan majalisar da suka fi daɗewa a tarihin jihar, kuma matasan jami'a, irin waɗanda suka ɗauke ta a 1972, suna cikin waɗanda suka sauke ta.

Kwana biyu kafin zaɓen Nuwamba, Donald Trump ya sauka a filin jirgin saman Minneapolis ya soki karɓar 'yan gudun hijirar Somaliya a jihar. A daren da ya lashe shugabancin ƙasa, Omar ta lashe 60B da kusan kashi 80. Abokin karawarta na Republican, Abdimalik Askar, shi ma Basomale ne. A Janairun 2017 ta yi rantsuwar kama aiki da Alƙur'ani.

Zango ɗaya kawai ta yi. A 2018 Keith Ellison ya bar kujerarsa ta majalisar wakilan tarayya don neman muƙamin babban lauyan jiha, Omar ta gaje shi, ita da Rashida Tlaib ta Michigan suka zama Musulmi mata na farko a majalisar dokokin Amurka. Saboda ɗankwalinta aka gyara tsohuwar ƙa'idar 1837 da ta hana rufe kai a zauren majalisar.

Kujerar 60B kuwa ta faɗa hannun mutumin da ya fi kowa haƙuri da ita. Noor ya faɗi a zaɓen fid da gwani na sanatan jiha a 2011, ya faɗi a 2014 da 2016, ya sake faɗuwa a hannun Warsame a zaɓen majalisar birni na 2017. A 2018 ya ci, ya kuma maimaita a 2020 da 2022 da 2024. A 2023 ya zama shugaban kwamitin da ke kula da kuɗaɗen ayyukan jin daɗin jama'a, ɗaya daga cikin manyan sassan kasafin jihar. Zaɓen 2024 ya raba majalisar wakilan jihar gida biyu cif, 67 da 67, har sai da jam'iyyun biyu suka yarda su raba shugabancin kwamitoci a tsakaninsu, Noor ya riƙe ɓangaren DFL a nasa.