Fim da Zancen Taɓin Hankali a Tsakanin Ɗaliban Jami'a

Binciken masana lafiyar ƙwaƙwalwa ya nuna cewa kusan rabin cututtukan taɓin hankali suna farawa ne kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin shekara 25. Ke nan shekarun zaman jami'a suna cikin shekarun da ciwon ke yawan bayyana. Sai dai ɗalibin da barci ya ƙaurace masa, ya daina shiga lakca, ya tara kariyoba, da wuya ya faɗa wa ko da abokin ɗakinsa, domin ya san abin da zai biyo baya: a ce ya fara shaye-shaye, ko an yi masa jifa, ko a yi masa ba'ar a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Matsayar wannan maƙala ita ce fim na iya buɗe bakin irin wannan ɗalibi, amma ba kallon ne ke yin aikin ba, zaman da ake yi bayan kallon ne.

Tsangwamar tana da tushe mai zurfi. A binciken da Kabir da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, wanda suka yi a kan manya 250 a ƙauyen Karfi da ke jihar Kano, shaye-shaye ne aka fi ambata a matsayin sanadin ciwon, sai fushin Allah ko ƙaddara, sai sihiri da shafar aljanu. A ƙasar Yarbawa kuma, Gureje da abokansa sun gano a 2005 cewa fiye da kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna ɗaukar mai taɓin hankali a matsayin mutum mai haɗari. Ɗalibi ba ya ajiye wannan tunani a ƙofar jami'a.

Finafinai ma da hannunsu a ciki. Nazarin O. F. Aina na 2004 a kan finafinan Afirka ta Yamma 163 ya sami taɓin hankali a guda 25, kuma galibi asiri ko sakayyar mugun aiki ake nunawa a matsayin dalili, waraka kuma ba a asibiti take samuwa ba. Mai kallon finafinan Hausa ya san siffar: tsumma, bola, yara na bi da jifa. Na Indiya da muka tashi da su ba su tsira ba. A Tere Naam na 2003, Salman Khan ya ƙare da askakken kai da sarƙa a ƙafa. Wanda ya girma da wannan hoto, ta yaya zai yarda cewa ɗalibar da ke zuwa aji tsaf-tsaf, tana dariya da ƙawaye, tana fama da ciwon damuwa?

To me ya sa za a koma ga fim ɗin? Saboda kunya. A tarbiyyarmu ba a tsayawa gaban jama'a a ce "ni ne", amma ana iya magana a kan wani. Fim yana samar da wannan wanin. A ɗauki 3 Idiots na 2009, wanda labarinsa na cikin kwalejin injiniya: ɗalibi Joy Lobo ya nemi ƙarin lokaci don kammala aikinsa saboda rashin lafiyar mahaifinsa, shugaban makaranta ya hana, daga baya ya kashe kansa. Idan aka tambayi zauren ɗalibai wa ya kamata ya lura da halin da yaron yake ciki, kuma a wace gaɓa, za a ji amsoshin da ba a kan Joy ake ba da su ba. Ɗan aji huɗu da mahaifinsa ya sayar da gona don ya yi karatu zai iya bayyana nauyin da ke kansa ba tare da ya tona asirin gidansu ba. Haka Dear Zindagi na 2016, inda Alia Bhatt ta fito a matashiya mai sana'a da rashin barci ya kai ta wajen masanin halayyar ɗan Adam, yana ba da damar tambayar da ake gudu: zuwa wajen likita ya saɓa wa tawakkali ne? Ba sai an ƙaryata wa ɗalibi ruƙiya ko addu'a ba kafin a nuna masa cewa neman magani bai rushe su ba.

Akwai hujjar da masu shakka za su kawo, kuma tana da ƙarfi. Nazarin da Corrigan da abokansa suka tattara a 2012 ya nuna cewa haɗuwa ido da ido da wanda ya taɓa fama da ciwon ta fi bidiyo tasiri wajen sauya tunanin manya. Bitar da Thornicroft ya jagoranta a mujallar Lancet a 2016 ta ƙara da cewa shaidar ɗorewar irin wannan sauyi ba ta da ƙwari. Na yarda da duka biyun. Amma a inda bayyana kai ke iya sa a fasa auren mutum, samun wanda zai tsaya gaban ɗalibai ya ba da labarinsa ba abu ne mai sauƙi ba. Gwajin da Clement da abokanta suka yi da ɗaliban aikin jinya a Ingila a 2012 ya nuna cewa shaidar da aka naɗa a faifai ta yi kusan daidai da ta baki da baki.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne sakaci wajen zaɓen fim. Bayan fitar shirin 13 Reasons Why a 2017, an ga ƙaruwar kisan kai tsakanin matasa a Amurka, har Netflix ta cire wurin da aka nuna kisan kan a 2019. Ko 3 Idiots ɗin sai an tsallake wannan wuri, an kuma gargaɗi masu kallo tun farko. Shi kuwa A Beautiful Mind na 2001 ya nuna John Nash yana ganin mutanen da babu su, alhali a zahiri ba haka ciwonsa ya kasance ba. In babu masani a zauren, kuskuren ne ɗalibai za su tafi da shi.

Sannan idan zance ya buɗe, ina za a tura wanda ya tsaya a baya bayan kowa ya watse? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta haramta nuna wariya, amma doka ba ta zama a asibitin makaranta ta saurari ɗalibi.

Saboda haka kira na ga ofisoshin kula da harkokin ɗalibai da ƙungiyoyinsu shi ne kada a kunna majigi sai an tanadi ma'aikacin lafiya da zai jagoranci tattaunawar, da kuma ɗakin da ɗalibi zai je washegari a saurare shi cikin sirri. Jami'ar da ba ta da waɗannan biyun, ta dakata da nuna fim ɗin har sai ta samar da su.