Lissafin ƙari: Abin da ya haɗa manomin fadama da masanin tattalin arziki

Ƙofar Dundaye na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Sakkwato, kuma ta ci sunan garin Dundaye ne, wanda ke kusa da fadamar kogin Rima da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A wannan fadama ana noman albasa da shinkafa da tumatir da tattasai, ana shigowa da su kasuwannin birni.

Tambayar da ke gaban manomin wannan yanki a kullum ba ita ce ko zai yi noma ko ba zai yi ba. Wannan an daɗe da yanke shi. Tambayar ita ce ko ya ƙara buhun taki ɗaya, ko ya ƙara ban ruwa sau ɗaya, ko ya ɗauki ƙarin ɗan ƙwadago ɗaya. Masana tattalin arziki na ɗaukar irin wannan tunani, wanda za a iya kira lissafin ƙari, a matsayin ginshiƙin iliminsu: a auna abin da ƙarin zai kawo da abin da zai ci.

Raguwar amfani

A ɗauka, alal misali, manomi ya zuba buhun taki ɗaya a gonarsa ya samu ƙarin buhu shida na albasa. Buhu na biyu ya kawo ƙarin uku, na uku kuma ya kawo ɗaya tak. Idan kuɗin buhun taki ya kai na buhun albasa biyu, to na farko da na biyu sun biya kansu, amma na uku asara ce.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne, in aka haɗa lissafin gaba ɗaya, buhun taki uku sun kawo buhun albasa goma, kuma a ido wannan riba ce. Ribar biyun farko ce ta rufe asarar na ƙarshen.

Wani masani Bafaranshe, Turgot, ya bayyana wannan ƙa'ida ta raguwar amfani tun cikin shekarun 1760, kuma daga gona ya ɗauko misalinsa. A 1826 wani Bajamushe mai gandu, von Thünen, ya nuna cewa nisan gona daga birni na sauya abin da ya kamata a shuka da irin ɗawainiyar da za a yi mata. Wanda ya san yadda ake ɗauko takin gida a kan jakai daga Kano ko Sakkwato zai gane maganar: gonakin kusa da ganuwa su ke shan taki, domin kowace mangala da aka yi nisa da ita tana ƙara cin lokaci da ƙarfin jaki.

Ruwa da lu'ulu'u

A littafinsa na 1776, Adam Smith ya yi nuni da cewa ruwa, wanda ba a rayuwa sai da shi, kusan ba shi da farashi, alhali lu'ulu'u na da tsadar gaske. Sai bayan kusan shekara ɗari aka samu gamsasshiyar amsa, daga mutane uku da kowannensu ya yi aikinsa daban: William Jevons a Ingila da Carl Menger a Austriya a 1871, sai Léon Walras a Switzerland a 1874.

Amsarsu ita ce farashi yana bin darajar ƙarin da za a samu ne, ba amfanin abu baki ɗayansa ba. Jarka ta goma a gidan da famfo ke zuba ba ta da wata daraja. Jarka ta farko a unguwar da ruwa ya yanke a watan Afrilu kuwa, ɗan garuwa ne ke faɗin kuɗinta.

Abin da aka gani a Arewa

A shekarun 1960 da 1970, David Norman da abokan aikinsa na Samaru, Zariya, sun yi nazarin ƙauyuka a yankunan Zariya da Sakkwato da Bauchi. A lokacin jami'an gona na ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci baya. Binciken ya nuna cewa abin da ya fi ƙaranci shi ne hannun aiki a lokacin noman ciyawa, cikin Yuni da Yuli, kuma haɗa amfanin ya fi biyan manomi ladan aikinsa a wannan matsi, ya kuma rage masa haɗarin tashi a tutar babu. Ashe manoman na yin lissafin, ba su dai rubuta shi.

Sauyin farashi kan gusar da iyakar. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Ga mai injin ban ruwa, ban ruwa na ƙarshe da a da yake biyan kansa na iya komawa asara, ko da gonar na nan yadda take. Haka mai ajiye albasa a rudu ke auna tashin farashi na ƙarin wata ɗaya da yawan wadda za ta ruɓe.

Kuɗin da ya riga ya tafi

Wani reshe na wannan tunani, mai wuyar haɗiyewa, shi ne cewa abin da aka riga aka kashe ba ya shiga lissafin gobe. Birtaniya da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a jirgin sama na Concorde bayan ta bayyana ba zai mayar da jarinsa ba. Ya fara jigila a 1976, aka ajiye shi a 2003.

Sai dai ƙa'idar na da iyaka. Manomi ba ya sanin farashin kaka a ranar da yake sayen taki, kuma ambaliya irin ta Satumban 2010, wadda ta mamaye fadamar Rima har ta yanke hanyar jami'ar, ba ta cikin lissafin kowa. Ga magidancin da rumbunsa ke ciyar da mutum goma, asarar dami ɗaya ta fi ribar dami ɗaya nauyi, shi ya sa sau da yawa yakan tsaya tun bai kai inda alƙalami ya ce ya tsaya ba.